Ciyaman: Wa Ya Ɗora Shi, Wa Yake Yi Wa Aiki?

 Yau filin namu zai leƙa sakatariyar ƙaramar hukuma ne, wato ofishin ciyaman. Na san wata za ta ce, to mu ina ruwanmu da rigimar 'yan siyasa? Ki yi haƙuri ki biyo ni 'yar uwa. Asibitin da kike zuwa awo, da makarantar da yaronki yake zaune a ƙasa, da tuƙa-tuƙar da ta lalace tun bara, duk suna da igiyar da ta ɗaure su da wannan ofishi.

Wani labari ya taɓa cika gidajen rediyon Kano da wayoyin matasa. Sabon ciyaman na ƙaramar hukumar Nasarawa da ke cikin birni, Yusuf Imam, wanda aka fi sani da Ogan Boye, ya naɗa hadimai 60 bayan an rantsar da shi. Nan fa gari ya ɗauka. Masu suka suna cewa wace irin ƙaramar hukuma ce take buƙatar mataimaka 60 alhali kwatoci sun toshe, shara ta yi tsibi? Masu kare shi suna cewa ai yankin yana da jama'a, kuma gaskiya ne, tun a ƙidayar 2006 mutanen Nasarawa sun kusa dubu 600. Suka ƙara da cewa matasan da suka sha rana lokacin kamfen su ma suna da haƙƙi, kuma gara a ba yaro muƙami da a bar shi a bakin titi. Ba shi ne farau ba. A 2021 wani kansila a Kumbotso, kansila fa, ya naɗa wa kansa hadimai 18, aka yi ta dariya ana ta tsaki.

Kafin mu yi nisa bari in warware wani abu. Idan kina sauraron labaran duniya za ki ji ana cewa magajin garin Landan, ko magajin garin Maraɗi. A can mutum ɗaya ne yake riƙe da sha'anin birni. Mutanen Landan tun shekarar 2000 suke zaɓen nasu da ƙuri'a kai tsaye. A Kano kuwa Magajin Gari sarauta ce ta fada, ba kujerar zaɓe ba ce. Birnin Kano da kewayensa an raba shi ne tsakanin ƙananan hukumomi takwas: Birni da Kewaye, Dala, Fagge, Gwale, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo, kowace da ciyamanta. Jihar gaba ɗaya tana da 44, babu jihar da ta kai ta yawa cikin 774 da ake da su a Nijeriya. Saboda haka duk abin da ya shafi kujerar Nasarawa ya shafi ta Ɗambatta da Makoɗa da Bichi da Tsanyawa da Minjibir, domin doka ɗaya ce ta kafa su, hanya ɗaya kuɗinsu yake bi.

Abin da na lura da shi a duk lokacin da irin wannan cece-kuce ta tashi shi ne, halin mutumin ake tattaunawa. Wane yana da kyauta, wane marowaci ne, wane yana zuwa jana'iza, wane ya daina ɗaga waya. Ba na ce hali ba shi da muhimmanci ba. Amma kin taɓa tambayar kanki me ya sa ake ta sauya ciyamomi, masu kirki da marasa kirki, amma asibitin ƙauyenku yana nan yadda yake?

Mu fara da aikinsa. Kakanninmu En'e suka sani. Hakimi da dagaci da mai unguwa su ne hukuma, su ke karɓar haraji da jangali. A 1976 gwamnatin soja ta yi wa tsarin garambawul, ta kafa ƙananan hukumomi iri ɗaya a duk ƙasa, sannan da marigayi Abubakar Rimi ya hau gwamna a 1979 ya soke haraji da jangali a Jihar Kano. Tsarin mulkin 1999 da muke kai ya jera ayyukan ƙaramar hukuma ɗaya bayan ɗaya. Kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da bandakunan jama'a nata ne. Maƙabarta tata ce. Kwashe shara, gyaran ƙananan hanyoyi da magudanun ruwa, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, duk suna ciki. Har lasisin keke da amalanke da baro an ambata, kai har da na rediyo, wannan da kike saurarenmu da ita. Bayan haka aka ce za ta sa hannu tare da jiha a ilimin firamare da yaƙi da jahilci, da kiwon lafiya, da bunƙasa noma.

To duba min wannan jeri da idon matar karkara. Ƙasarmu ta arewacin Kano ƙasa ce mai cunkoson jama'a. Daga Ungogo ki bi ta Minjibir ki nufi Ɗambatta, ko ki bi ta Dawakin Tofa zuwa Bichi, da wuya ki ga dajin da ba gona ba. Gona tana manne da gona, ƙauye yana hango ƙauye. Ba a barin ƙasa ta huta, kowace shekara sai an noma ta, shi ya sa taki ya zama rai, na dabbobi da na bola da na zamani. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai yau jikoki goma ne suka raba ta. A irin wannan wuri gero da dawar da aka girbe ba sa kai gida ƙarshen shekara sai an haɗa da sana'a, kuma rabin sana'ar nan a hannun mata take: ƙuli-ƙuli, man gyaɗa, daddawa, awara, kiwon akuya da tumaki. Kayan nan sai sun fita kasuwa. Idan kwalbati ɗaya ya karye da damina, motar da za ta kai kayanki kasuwar Ɗambatta ranar Lahadi sai ta zagaya, kuɗin mota ya ninka, ribar ta tafi. Idan naƙuda ta zo da gardama cikin dare, wannan kwalbatin dai shi ne tsakanin mace da asibiti. Ba aikin shugaban ƙasa ba ne, ba na sanata ba ne. Aikin ciyaman ne da kansila.

Yanzu sai tambaya ta biyu, wa ya ɗora shi? Za ki ce mu ne, ai mun yi layi. To saurari wannan lissafi. Zaɓen ƙananan hukumomi ba hukumar zaɓe ta ƙasa ce take shirya shi ba. Kowace jiha tana da tata, tamu ita ce KANSIEC, kuma gwamna ne yake naɗa shugabanta da kwamishinoninta, majalisar jiha ta amince. A 2014, zamanin Gwamna Kwankwaso, jam'iyyar gwamna ta cinye kujeru 44 cif. A 2018, zamanin Gwamna Ganduje, jam'iyyar gwamna ta cinye 44, a zaɓen nan ne hotunan ƙananan yara suna dangwala ƙuri'a suka zagaya ƙasa. A 2021 aka maimaita, 44. Ranar 26 ga Oktoban 2024, zamanin Gwamna Abba Kabir Yusuf, jam'iyyar NNPP da yake ciki a lokacin ta kwashe ciyamomi 44 da kansiloli 484, ba a bar ko ɗaya ba. Gwamnoni uku, jam'iyyu daban-daban, sakamako iri ɗaya. Kano da aka san ta da gardamar siyasa, inda a gida ɗaya za ki tarar da jar hula da wadda ba ja ba, a ce duk mazaɓu 484 ra'ayinsu ya zo ɗaya? Kuma kada ki ɗauka cutar Kano ce kaɗai, kusan kowace jiha haka ake yi, ko wace jam'iyya ce take mulki. Shi ya sa sau da yawa babbar jam'iyyar adawa ba ta ma shiga.

Zaɓen 2024 ɗin ma sai da aka kai ruwa rana. Kwana huɗu kafin a yi shi wata babbar kotun tarayya a Kano ta yanke cewa shugaban KANSIEC, Farfesa Sani Lawan Malumfashi, da kwamishinoninsa ba su cancanci riƙe hukumar ba saboda alaƙarsu da jam'iyya mai mulki. Wata kotun jiha kuma ta ce a ci gaba. Aka yi zaɓe. A 2025 kotun ɗaukaka ƙara ta soke wancan hukunci, ta ce kotun tarayya ba ta da hurumin sauraron maganar tun farko.

Ga kuma kuɗin fam. Da farko hukumar ta sanar da naira miliyan 10 ga mai neman ciyaman, miliyan 5 ga mai neman kansila, sai da aka je kotu a kai. A shekarar ne aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira dubu 70. Ki yi lissafi, ƙaramin ma'aikaci sai ya tara albashinsa na kusan shekara 12 bai ci ba bai sha ba kafin ya sayi takardar tsayawa kawai. Malamin makarantar garinku da kowa ya yarda da amanarsa, ina zai samo? Sai wanda yake da shi, ko wanda wani ya biya masa. Wanda aka biya wa kuwa ya shiga ofis da bashi a wuya.

Saboda haka ranar da ake zaɓen ciyaman na gaskiya ita ce ranar da manyan jam'iyya suka zauna a birni suka fitar da suna. Layin da muke yi daga baya shaida ce kawai, kamar ta ɗaurin auren da aka riga aka gama magana. Mutum kuwa wanda ya ba shi yake kallo. A watan Janairun 2026 da Gwamna Abba ya bar NNPP ya koma APC, mafi yawan ciyamomin nan bin sa suka yi. Ban ji an tara matan wata mazaɓa an tambaye su ba.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce uwa uba. Duk wata ana raba kuɗin asusun tarayya a Abuja. Gwamnatin tarayya tana ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60. Kin ga ba ƙaramin kaso ba ne, ya haura ɗaya bisa biyar. Sai dai sashe na 162 na tsarin mulki ya ce kuɗin ƙananan hukumomi zai sauka ne a wani asusu a hannun jiha, shi ne asusun haɗin gwiwa da kike ji ana faɗa. Daga nan ake cire albashin malaman firamare, da na ma'aikatan lafiya, da fansho, da kason masarauta, da kuɗin ayyukan da aka ce na haɗin gwiwa ne tsakanin jiha da ƙananan hukumomi. Abin da ya rage shi ne yake isa sakatariya, kuma ko shi ɗin, aiki in ya ɗan yi girma sai ciyaman ya nemi izini daga ma'aikatar ƙananan hukumomi. Kamar a ce an aiko miki da kuɗin cefane ta hannun uwar miji, ita za ta sayi abin da ta ga dama, ta miƙo miki canji, sannan in miya ba ta yi daɗi ba ke za a zaga.

Wani abu da ya faru a watan Agustan 2024 ya nuna yadda abin yake aiki, kuma ya shafe mu kai tsaye domin maganar magani ce. A lokacin babu zaɓaɓɓun ciyamomi, kantomomin riƙo ne gwamna ya naɗa. Sai zargi ya fito cewa an shirya kowace ƙaramar hukuma ta biya wani kamfani mai suna Novomed kimanin naira miliyan 10 don sayen magunguna, jimilla miliyan 440. Gwamna ya ce ba da saninsa aka yi ba, ya umarci hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta jiha, wadda Muhuyi Magaji Rimingado yake shugabanta a lokacin, ta bincika. Hukumar ta gayyaci manyan jami'an ma'aikatar da wasu kantomomi ta yi musu tambayoyi, mai kamfanin kuma ya musanta cewa ya yi ba daidai ba. Ni ba alƙaliya ba ce, ba zan ce wane ya ci wane bai ci ba. Abin da ya tsaya min a rai daban ne. Ko da a ce ko kwabo bai salwanta ba, yaya za a yi buƙatar maganin Fagge ta zo daidai da ta Makoɗa, kuɗi ɗaya, kamfani ɗaya? Wa ya tambayi ma'aikaciyar asibitin ƙauye abin da ya ƙare mata, maganin zazzaɓin cizon sauro ne ko na ƙarin jini na masu ciki?

Wata guda kafin wannan, ranar 11 ga Yulin 2024, kotun ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da ministan shari'a Lateef Fagbemi ya shigar da gwamnoni 36. Mai shari'a Emmanuel Agim ne ya karanta. Kotun ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, gwamna ba shi da ikon riƙe shi, kuma ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓu ya ɗora kantomomi, duk inda kantoma yake mulki ma kada a tura kuɗin. Wannan ne ya sa jihohi da dama suka yi ta rige-rigen shirya zaɓe kafin ƙarshen shekarar. Zaɓen dai an yi. Maganar kuɗin kuwa, shekara guda bayan hukuncin ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi, NULGE, tana ta kuka cewa ba a aiwatar ba.

A nan zan so mu yi adalci, domin masu ɗari-ɗari da wannan 'yanci ba duka ne 'yan koren gwamnoni ba. Tambayi duk tsohuwar malamar firamare abin da ya faru bayan 1991, lokacin da gwamnatin Babangida ta miƙa albashinsu hannun ƙananan hukumomi. Malamai sun yi watanni babu albashi a wurare da yawa, yajin aiki ya yi ta biyo yajin aiki, har a 1993 aka dawo da hukumar ilimin firamare ta ƙasa. Shi ya sa ƙungiyar malamai har yau take cewa a ba ciyaman kuɗinsa amma a cire nasu tukuna. Suna da hujja. Ni a ganina, a miƙa wa mutum ɗaruruwan miliyoyi duk wata alhali ba ƙuri'armu ce ta kawo shi ba, kuma ba ita za ta cire shi ba, an sauya wa kuɗin aljihu ne kawai. Idan ba a gyara yadda ake zaɓen ba, rabin magani aka sha.

To mu koma kan hadimai 60. Idan kin haɗa duk abin da muka faɗa za ki gane dalilin da ya sa naɗe-naɗe suka yi yawa a sakatariyoyinmu. Ciyaman da ba zai iya yin titi ba sai da izini, ba zai iya ɗaukar ungozoma ba sai da izini, akwai abu ɗaya da yake iya yi da alƙalaminsa shi kaɗai: takardar muƙami. Ba ta da tsada kamar kwalta, tana faranta ran gida guda, kuma tana samar masa da sojojin baka da za su kare shi a rediyo su kai sunansa kunnen manya. Ga mai son ya wuce gaba wannan ba wauta ba ce, domin kujerar tsani ce. Nasiru Yusuf Gawuna daga wannan kujera ta Nasarawa ya taso har ya zama mataimakin gwamna a 2018, ya yi takarar gwamna a 2023. Ban ce naɗin daidai ne ba. Alawus ɗin mutum 60, komai ƙanƙantarsa, in aka tara na shekara zai gyara rijiyoyin burtsatse masu yawa. Amma in muka tsaya a zagin mutum ɗaya, gobe za a kawo wani, shi ma takardar zai raba.

Akwai wani tarihi da ya kamata kowace 'yar Arewa ta riƙe. Matan kudu sun fara zaɓe tun kafin a sami 'yancin kai, mu kuwa an hana mu. Su Hajiya Gambo Sawaba sun sha duka da ɗauri a kan wannan magana. Sai a 1976 aka ba matan Arewa ƙuri'a, kuma zaɓen da aka fara buɗe mana ƙofarsa shi ne na ƙananan hukumomi na wannan shekara. Yau duk wanda ya je rumfar zaɓe a karkarar Kano ya san layin mata ne yake fin tsawo, da goyo da komai. Amma in an zo neman mu, da atamfa da sabulu da taliya ake zuwa, maza kuwa a zauna da su a yi maganar kwangila da muƙami. A zaɓen 2024 mace ta hau kujerar ciyaman a Tudun Wada, can kudancin jihar, abin a yaba ne, sai dai ita ma ta ƙofar da sauran suka shiga ta shiga.

Duk da haka hannunmu bai zama fanko ba, domin ciyaman yana iya yi wa birni biyayya, amma kansila a cikinmu yake kwana. Matarsa tana zuwa bikinmu, uwarsa tana cikin adashinmu. Asibitocin matakin farko an tsara musu kwamitin ci gaban mazaɓa, makarantun firamare kuma suna da kwamitin gudanarwa na al'umma, kuma a ƙa'ida dukansu da kujerun mata a ciki. Ki tambaya su wa ke zaune a kansu a garinku, yaushe suka yi zama na ƙarshe. Kuɗin da aka ware wa kowace ƙaramar hukuma daga asusun tarayya ba asiri ba ne, ana buga shi wata-wata da sunan kowace, ɗanki mai waya zai iya nemo miki na Bichi ko na Gezawa a intanet. Ranar da ƙungiyarku ta mata za ta je gaban kansila, kada a tafi da ƙorafi goma. A tafi da ɗaya, a rubuce, da sunan wurin da ranar da ya lalace: kwalbatin hanyar kasuwa, ko rufin ɗakin haihuwa. A tafi da adadin kuɗin da aka ce ya shigo a watan jiya, a tambaye shi nawa ne ya iso sakatariya daga ciki, kuma wa ya riƙe sauran. In ya ce bai sani ba, ku ce ya tambayo, za ku dawo ranar kasuwa ta sama. Ku kuma koma.